Ranar da Aka Umurci Tsattsewa Ta Sauko Ƙasa

A Kurmin Gawo, dokar tashi ta girmi duk tsuntsun da ke raye yau, kuma ba don wasa aka kafa ta ba. An ce wata shekara ayarin balbelu ya yi karo da ayarin hasbiyoyi a kan kogi, gawawwaki suka rufe ruwa. Daga nan aka zauna aka tsara: mai hawa ya ba mai saukowa hanya, manya su bi sama ƙanana su bi ƙasa, kada a fita da ƴaƴa in hadari ya haɗo. Aka kafa Hukumar Sararin Sama, ita ke gwada tsuntsu ta ba shi lasin, wato ta shafa masa jar ƙasa a ƙafa kafin kowace damina. Doka ce mai kyau, kowa ya shaida.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da hantsi ake zaman Hukuma, lokacin da masu tashi suka watse neman abinci. Waɗanda ba su taɓa fashin zama ba su ne Kaza da Talotalo da Zakara da Jimina, don ba su da inda za su. Yau da gobe sai aka wayi gari kujerun duka nasu ne, Jimina ce shugaba. Haka sama ta koma hannun waɗanda ba su san ta ba sai in za su haɗiye ruwa.

Bana Jimina ta tara jama'a a filin gindin gawo, ta miƙe wuya ta ce, "Ya ku ma'abota fiffike! Magabata sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Saboda haka ƙasa ce asalin tashi. Daga yau duk mai neman lasin zai sauka a filin nan, ya taka da ƙafarsa daga gawo zuwa wancan suri, ya dawo, sannan ya tashi muna gani. Domin lafiyarku muke wannan wahala."

Zakara, wanda shi ne sanƙira, ya buga fiffike ya yi cara. Aka ɗauki Tunku dogarin fili, aka ce aikinsa share wurin bayan jarrabawa. Ba wanda ya tambayi mene ne ladansa. Mikiya da Shaho kuwa har gida aka kai musu jar ƙasar, aka shafa musu cikin ladabi, don bai kamata a tsayar da manya a layi ba.

To, akwai Tsattsewa, wadda sheƙarta ke manne a goshin dutse, da ƴaƴa a ciki ko ido ba su gama buɗewa ba. Allah ya yi wa jinsinta dogon fiffike da guntuwar ƙafa. A sama suke ci, a sama suke sha, in za su tashi sai su saki jiki daga dutse iska ta ɗauke su. Wanda ya sauka a ƙasa a cikinsu ba ya sake tashi. Mijinta ya san haka sarai, amma mutum ne mai tsoron a ce ya karya doka. Ya ce mata ai hukuma ce, in ta ga halin da yake ciki za ta duba. Ya je ya sauka. Ya ja ciki a cikin ƙura, fiffikensa na dukan ƙasa, ƴan Hukuma na kallo suna girgiza kai. Zakara ya yi shela cewa ya faɗi jarrabawa. Tunku ya share fili.

Tsattsewa ta yi kuka iya kuka, sannan ta ci gaba da tashi ba lasin, don bakin ƴaƴa bai san takaba ba. Sai aka aika mata da sammaci.

Ranar zaman, fili ya cika maƙil da masu jiran jarrabawa: kurciya, kanari, balbela, da tsohuwa Shamuwa wadda ta iso daga doguwar tafiya ta tarar da layi. Wacce ake ƙara ta zo, amma ba ta sauka ba. Ta riƙa kewaya gawo, takan wuce ta kan majalisa ta yi magana, ta ɓace, ta sake dawowa.

Zakara ya ce, "Ke Tsattsewa, Hukuma ta umurce ki ki sauko ki ji laifinki!"

"Ranki ya daɗe," in ji ta, ta fuskanci Jimina tana wucewa, "ina jin ku daga nan. Kunnena ƙalau yake."

Jimina ta ce, "Majalisa ba ta karɓar maganar da aka yi daga sama."

"Ashe shi ya sa ba ta san kome game da saman ba."

Wani daga cikin layi ya yi dariya, ya maza ya mai da ita tari. Tsattsewa ta dawo, wannan karon ƙasa-ƙasa, har iskarta ta kaɗa zankon Zakara.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa tare wa mai saukowa hanya ba. Ban taɓa fita da ƴaƴa cikin hadari ba. Dokar da kakannina suka sa, ina kanta, kuma a kanta zan mutu. Ki aiko a gwada ni a inda nake aikina. Ki zo da kanki ma, ga hanya nan a buɗe."

Ta ɓace bayan gawo. Jimina ta kumbura, Talotalo ya taya ta. Da Tsattsewa ta sake bayyana, sai ta ɗaga murya.

"Mijina ya girmama ku ya sauko. Ku faɗa wa jama'ar nan inda yake! Kai Tunku da ka lashe baki, ka faɗa musu! Kun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. To ni ba jifa ba ce, ba wanda ya jefa ni. In na sauko yau, gobe ƴaƴana sun mutu a kan dutse. Wallahi ba zan sauko ba."

Jimina ta yi shawara da ƴan majalisarta, shawarar da ba ta ɗauki lokaci ba don an gama ta tun jiya. Ta miƙe ta ce, "Hukuma ta haramta wa Tsattsewa tashi har abada, ita da zuriyarta. Kuma tunda fitina daga sama ta fito, an rufe sama ga kowa sai ranar da mai laifi ta miƙa kanta. Dogari, kamo ta!"

Tunku ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi Jimina, ya zauna a kan jelarsa.

Kurciya tana da ƙwai a gida, kanari yana da ƴaƴa, kowa ya fara tunanin abin da ya baro. Sai tsohuwa Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni na ƙetare dazuzzuka da koguna na zo nan, ban ga ƙofa a sama ba, balle a rufe ta. Tsattsewa ƴata, jira ni, ƙashina ya tsufa."

Ta yi taku biyu ta buɗe fiffike. Balbelu suka bi ta, sai kurciyoyi, sai ƙananan tsuntsaye. Abin da ya fi ƙona wa Jimina rai shi ne ba su tashi a hargitse ba. Manya suka bi sama, ƙanana suka bi ƙasa, ba wanda ya gogi wani. Zakara ya yi ta cara yana ambaton sunayensu har muryarsa ta dushe. Tsattsewa ba ta tsaya jin sunanta ba. Ta ratsa ta kan kogi inda ƙwari suka taso, ta cika baki, ta nufi goshin dutse inda ƴaƴanta ke ta tsuwa.

Majalisa dai ba ta tashi ba, don tashi ba al'adarta ba ce. Ta zartar da cewa duk wanda ke sama yanzu ba bisa ƙa'ida yake can ba, kowa ya amince ba mai musu. Ana cikin tafi ne Jimina ta lura da yadda dogarinta ke kallon kujeru. Ta ce tana da wani uzuri, ta zura da gudu, Talotalo na binta a baya.

Tunku ya miƙe ya yi miƙa. Ya tako a hankali har gaban Kaza da Zakara, ya rusuna kamar yadda ya saba, ya ce, "Ranku ya daɗe, rana ta yi. Yau wa ya faɗi jarrabawa?"