Sarauniya da Maɓalli

"Lafiya ƙalau, Amarya. Sai dai angonki ya kusa mutuwa da jira."

"Ka mutu mana in huta. Samari na can sun yi layi."

"Masu ciwon ido ba."

Tsohon tela ya yi dariya, amma hannunsa na dama na cikin aljihu, inda yake ɓoye shi wata huɗu ke nan, tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a gaban keken ɗinkinsa. Likita ya ce hannun zai dawo in ana aiki da shi. Shi kuwa kunya yake ji. Mutumin da ya shekara hamsin yana zura zare a allura ba tabarau, yau a ga yatsunsa na rawa? Gara a ce masa mai taurin kai.

Jikarsa, da yake tsokana da Amarya, wadda ke biyowa kullum in ta tashi daga aiki, ta jawo ƙaramin tebur ta shimfiɗa allon ces, darar nan mai sarki da sarauniya, da ta fara koya masa shekaranjiya. Soja ɗaya a ɓangarenta ya ɓata, sai ta sa maɓallin da ya tsinke daga hannun rigarta a gurbinsa.

Ya tura doki da hannun hagu, miƙe sak.

"Kai, Tsoho! Sau nawa zan faɗa? Gida biyu gaba, ɗaya gefe."

"Dokin da ke tafiya haka ai a haɗa mu a kai mu asibiti tare."

"Shi yana jin magana, ba kamar wani ba."

"To shi wannan ragon sarkin fa?"

"Taku ɗaya yake yi, ya tsaya ya huta. Da ganinsa ɗan'uwanka ne."

"Rashin kunya! Ni da na taɓa ɗinka riga arba'in a yini ɗaya?"

"Jiya talatin ka ce."

"Na tuno sauran da safen nan."

Ya shafa kan sarauniyarsa da ɗan yatsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Wannan dai halin marigayiya kakarki gare ta. Gabas da yamma ita ce, sarki na zaune yana cika baki." Tun ranar farko ya ƙi yarda a taɓa masa ita. A ci dawakai, a ci sojoji, ko a jikinsa.

Amarya ta dube shi, ta dubi aljihun. Sai ta miƙo hannu ta kama hannunsa na hagu, ta riƙe gam.

"Mene ne haka?"

"Soyayya. Ba ka ce ni amaryarka ba ce?"

"Wannan ba soyayya ba ce, kamun ɗan sanda ne. Sake ni."

Ba ta saki ba. Da ɗaya hannun ta tura maɓallin gida ɗaya. "Ka tuna soja a karkace yake ci. Ga shi a wuyan sarauniyarka. Ko ka cinye shi, ko ni in cinye ta."

"Maɓalli ya ci sarauniya? Maɓallin ma na roba?"

"Zan ƙirga goma. Ɗaya."

"Na sake ki. Saki uku."

"Na gode. Biyu."

Ya gane wayonta sarai, ya kuma ji tsoro. Amma ga sarauniya tsaye ita kaɗai, ba mai kare ta.

"Uku. Shida. Bakwai."

"Ina huɗu da biyar, ɓarauniya?"

Hannun ya fito daga aljihu yana karkarwa. A hanya ya ture sojoji biyu, ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera. Amarya ba ta ko kalle su ba, ta ma daina ƙirgar. Yatsun suka kama sarauniya, ta suɓuce, suka sake kamawa. Zufa ta keto masa. Da ƙyar ya ɗaga ta, ya dire ta a kan maɓallin, ƙwas.

Tsohon ya zura wa hannunsa ido kamar baƙon da ya daɗe bai gani ba.

"Kuka kike yi, Amarya?"

"Warin man zafinka ne ya shiga min ido." Ta goge fuska da mayafi tana dariya. "Na sallama, ka ci. Ba ni maɓallina."

Ya jawo maɓallin da yatsun nan masu rawa, ya dunƙule shi a tafinsa.

"Fursunan yaƙi ne, ba ya fita haka. In kina son abinki, gobe ki zo da rigar." Ya ɗago ya dube ta. "Ki taho da allura da farin zare. Ke za ki zura min, amma ni zan ɗinka."