Yaƙin Adafta a Gidan Malam Tukur

Da sunan Mai iko da abin da ido ke gani, da abin da ke yawo cikin iska ba a ganinsa. Bayan haka, wannan tarihin Ɗayyabu ne, ɗan Malam Tukur mai gyaran agogo, ɗan Jibrilu wanda ya taɓa korar kura da muciya, ɗan Barau na Tudun Wadar Zariya, wanda zuri'arsa ba ta taɓa barin fagen daga ba sai in an sauke tuwo. Ɗayyabu Sadaukin Soket, Garkuwar Allo, ma'abucin digiri a fannin falsafa, wanda ya yi bahasi a kan asalin samuwa amma bai san inda sukundireban gidansu yake ba.

Musabbabin yaƙin kuwa shi ne, yayansa Mu'azzamu, babban ɗan Inna, ya daɗe a ƙasar Malesiya wajen neman ilimi, ita kuma Inna ganinta ya raunana, in an nuna mata mutum a fuskar waya sai ta ga kamar ƙwayar wake. Aka tsai da magana cewa Mu'azzamu zai kira ranar Asabar da hantsi, kafin ya shiga wani tsibiri aikin bincike, inda ba za a sake jin ɗuriyarsa ba sai baɗi. Babban allo ɗaya ne a gidan, na tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗakin Inna, wadda tun da aka ƙera ta ba ta taɓa shaƙar intanet ba. Maƙwabcinsu Alhaji Sabi'u mai kemis ya yi karamci, ya ba da izinin shiga wayifai ɗinsa. Saura makami. Ɗayyabu ya ratsa kasuwar Sabon Gari, ya komo da adafta, wata 'yar aba mai kamo wa kwamfuta wayifai, da ba ta fi ƙwallon dabino ba.

A karon farko ya soka ta a kafar bayan kwamfuta, ta ƙi. Ya juya ta, ta ƙi. Ya mayar da ita yadda take da fari, ta shige salin-alin, shi kuwa ya zauna a kan tabarma yana tafakkuri a kan duniyar da ke ƙin mutum sannan ta karɓe shi ba tare da ya canja komai ba.

A karo na biyu kwamfuta ta yi shela cewa adafta ba za ta kamo intanet ba sai an sauko mata da manhaja daga intanet. Nan sadauki ya ga iyakar mantiƙi. Ya tuna da faifan manhajar da ke cikin kwalin adafta, ya danna maɓallin aljihun faifai, sai ga rundunar zanzaro ta gina birnin laka a ciki, har da ganuwa. Ya zare tsinken tsintsiya, ya yi kabbara, ya rushe birnin, bayan sarauniyarsu ta bar masa tambari a fatar ido. Faifai ya shiga, manhaja ta sauka.

Kakarsa Hajiya Tasalla ta leƙo. "Kai mijin banza, tun safe kake yi wa akwatin nan ruku'u. Gafara kake nema?"

"Tsohuwa, ja da baya! Wannan fage ba na masu haƙori ɗaya ba ne."

"Ɗayan ma ya fi digirinka aiki."

Sa'an nan babban maƙiyi ya bayyana: bangon ƙasa da Jibrilu ya gina da kauri irin na kurkuku, wanda ba ya barin zafi ya shiga, balle gaisuwar Malesiya. Alamar sabis ta leƙo, ta ga bango, ta koma. Hantsi kuwa ya ɗaga. Ɗayyabu ya jona adafta da doguwar waya, ya fitar da ita ta taga, ya ɗaure ta a kan gorar tsinkar mangwaro, ya hau turmi a tsakar gida, ya ɗaga gorar sama kamar tutar mujahidai, ido ɗaya a kumbure, ya yi kururuwa: "Yau ko ni, ko bangon kakana!"

Iska ta miƙa wuya. Daga cikin ɗaki aka ji ƙara, aka ji Malam Tukur ya danna, aka ji murya daga bayan tekuna tana cewa, "Salamu alaikum. Inna?"

Fuskar Mu'azzamu ta cika allo, faɗinta kamar faifan tuwo. Inna ta ɗaga ido sau ɗaya, sannan ta ja mayafi, ta juya fuska ga bango, domin ɗan fari ne, kuma a gidan da ta tashi uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta kama sunansa, ko da daga bangon duniya ya leƙo.

"Inna, kina jina?"

Inna ta dubi Hajiya Tasalla. "Hajiya, ku ce wa wancan ya riƙa cin abinci. Ya rame."

Ta miƙe ta fita. Hajiya Tasalla ta gaje kujerar, ta shiga ba jikanta labarin ciwon gwiwarta tun daga farkonsa.

Inna ta zo wucewa ta gefen turmi, inda sadauki ke tsaye cikin rana, bai ga ko kunnen yayansa ba.

"Inna, kin gan shi?"

"Wa?" in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. "Sauko mini daga kan turmi, zan yi daka."