Daƙiƙa Bakwai da Gwiwar Tsohuwata

Ni na fara gani, a rubuta a ajiye. Ranar da ake kafa fitilar tsallaka titi a ƙofar asibitin unguwarmu, ina zaune a bencin mai faci, na ga injiniya, wani saurayi zanƙalele, ya tsallaka fiu yana kallon agogo. Na ce wa mai faci, "Da ƙafafun wancan ake auna mana hanya." Ya ce tsufa ke damuna.

To, yau da safe na raka tsohuwata, uwargidana, karɓar maganin hawan jini. Ɗan koren mutumin nan na jikin fitila ya kunnu, muka sa ƙafa. Na ƙirga bakwai, ya koma ja. Ko rabi ba mu kai ba. Motoci suka taso, mai keke ya kauce mana ya shige kwata, wani direba ya leƙo yana cewa, "Baba, ka gaji da duniya ne?"

Na ce, "Yaro, na riga ubanka ganin mota!"

Ban ga laifinsa ba. Fitila ta ce masa tafi, mu ma ita ta ce mana taho.

Godiya ta musamman ga ogan injiniyan nan, Mai Girma Babban Ma'aunin Tituna, Allah ya ƙara masa kujera mai laushi. Awa uku aka yi ana jawabi ranar buɗe fitilar, har da rumfa da tukwanen furanni, mu kuma aka ba mu daƙiƙa bakwai. Na taɓa tare injiniyan da maganar, ya ce, "Baba, kwamfuta ce ta fitar da lissafin." Na ce, "Kwamfutar tana da gwiwa?" Ban yi makaranta ba, amma shekara sittin ina tsallaka titin nan, tun yana turɓaya, ko farce ban bari a kai ba.

Abin da ya dame ni, muna isa gida tsohuwata ta ce ta gama da asibiti. "Gara jinin ya hau da mota ta hau ni, malam." Matar da ta jure ni shekara arba'in da bakwai, ba fitila ce za ta raba ni da ita ba.

Don haka ranar da maganinta ya ƙare zan tsaya a tsakiyar titi, in ɗaga sandata, babbar mota ma sai ta jira har tsohuwata ta taka ƙafarta ta ƙarshe. Na gwada tafiyarta a tsakar gida, daƙiƙa ashirin da biyu take buƙata, in ba ta tsaya gaisawa ba.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya ɗauko kakarsa ya zo mu tsallaka tare. Amma shi zai tsaya ta gefen motoci.