Sabis Ya Iso Ɗakin Baya

Tun da ciwon ƙafa ya raba Malam Idrisu da Kasuwar Shanu, ɗansa Babaji ya gyara gidansu na Hausari, ya mai da tsohon can ɗakin baya kusa da turken awaki, wai ya fi iska. Wayfai ɗin falo ba ya kaiwa can. Ran nan da hantsi jikarsa Fiddausi ta yi sallama, riƙe da wata 'yar farar na'ura.

"Barka da hantsi, angon da ya ƙi mutuwa. Ya ƙafar?"

"Tana nan tana jiran ki matso ta shure ki. Wannan fa? Sabulu kika kawo min?"

"Kai da wanka sai Sallah? Abin jawo intanet ne. Zai ɗebo daga falo ya zubo maka nan."

"Famfo na ce a jawo min tun bara."

"Famfo ba zai nuna maka 'yan mata ba."

"Ni da na auri mai kunnen jemage, ai na gama ganin duniya."

"Jemagen ke dama maka kunu. Janye buzun nan, soket nake nema."

"Bi a hankali, kar ki firgita min akuya. Duk gidan nan ta fi kowa zumunci, kullum sai ta leƙo."

"Tabarmarka take ci!"

"Ko me take ci, tana dai zuwa."

Fiddausi ta jona na'urar, koriyar wuta ta kama. Ta ɗauki wayarsa ta daddanna.

"Ga shi, sabis ya cika fal. Saura ka fara rawa a waya, mu yi suna."

"Wa ya aiko ki da shi?"

"Baba."

"Ya bi shanu Legas ne?"

"Yana falo."

"To me zan yi da abin?"

"Cewa ya yi zai riƙa kiranka ta bidiyo da safe, ku gaisa."

"Daga falo."

"Aiki ne ya yi masa yawa, Kaka."

"Yau kuma Kaka na zama? Ashe an sake ni." Ya juya fuska bango. "Yaron da na saɓo a wuya tun daga Danchuwa har asibiti, ƙyanda na neman kashe shi. Shi ne yau tsakar gida ta yi wa nisa."

Sai wayar ta ɗauki ƙara. Sunan Babaji ya fito.

"Ɗauka mana," in ji Fiddausi.

"Ke ɗauka. Ki ce mijinki ya tafi kiwo."

"Da wace ƙafar?"

"Da irin tasa."

Dariya ta kuɓuce mata, amma ba ta je ko'ina ba. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Fiddausi ta miƙa hannu ta fizge na'urar daga soket.

"Zan ce masa bangon ya yi kauri, sabis ba ya shigowa. In gaisuwa yake so, ya tako."

"In bai tako ba fa?"

Ta tsaya tana jujjuya na'urar a hannu.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙofa. Can ya yi 'yar dariya ta hanci, ya lalubo dabino a ƙarƙashin matashi ya danƙa mata.

"Ungo, kin ci, amarya. Mayar da abin a soket. Ko a gilashin waya ne, in ga ko Babaji ya rame."