Maganin Sanƙo a Gwiwar Kaka

"Lafiya lau, uwargida. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta ƙi, maigida. Shigo ka turo ƙofar nan."

Ƙanena ke nan da kakarmu, haka suke kiran juna tun yana rarrafe. Malamin lissafi ne, bai kai talatin ba, amma sanƙo ya cinye masa tsakiyar kai tas. Saura wata biyu aurensa, kuma yarinyar da zai aura ba ta taɓa ganinsa babu hula ba. Wata uku ke nan da likitan fata ya rubuta masa maganin shafawa, safe da yamma. Ni ina bakin gado ina ninke wa Kaka kaya, don haka komai a kan idona aka yi.

"Ka kai ni asibiti," in ji Kaka. "Ina jin tafiyar ce ta zo."

"Ke da kika binne likitoci uku? Ai mutuwa ma shakkarki take yi."

"Ba wasa nake ba, mai kan faranti."

Ta ɗage zane zuwa gwiwa. Wallahi sai da rigar da ke hannuna ta faɗi. Gashi ne baƙi wuluk ya kwanta luf a kan gwiwar tsohuwa mai shekara tamanin.

"Innalillahi," in ji ƙanena. "Kaka, akuya kike komawa?"

"Akuyar da ta haifi ubanka."

"Me kike shafawa a wurin?"

"Maganin gwiwar da ka karɓo mini mana. Ga shi can, mai jan zare a wuya."

Kaka ba ta karatu, da zare take gane magungunanta. Ya ɗauko kwalbar, babu takarda a jikinta. Ya shinshina, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Kaka, wannan ai nawa ne. Maganin gashi ne. Ni na ɓare takardar don kada 'yan gida su karanta."

"Ka ajiye mini leda da kwalba biyu iri ɗaya, ka fita amsa waya. Na ga ka ɓare ta ɗaya, na ce ko haka ake yi yanzu, na ɓare ta ɗayar."

"To yaya kika gane taki?"

"Na zaɓi wadda ba ta wari. Da girmana zan riƙa yawo ina ɗoyin magani?"

Ya dafe hula da hannu biyu. "Ni kuma me nake shafawa a kaina wata uku?"

"Maganin sanyin ƙashi."

"Shi ya sa kaina ke raɗaɗi kamar an zuba barkono. Ni na ɗauka aiki yake yi."

"Tun da ka fara, kan naka ya taɓa ciwon gwiwa?"

"Kaka!"

"To ka ga ya yi aiki. Ni da nake kwana da salati, ashe gashinka nake yi maka kiwo. Kawo almakashi ka ɗebi abinka."

Na yi dariya har da hawaye, amma shi ko murmushi bai yi ba. Ya cire hular. Ni kaina rabona da ganin kan nan an fi shekara, ya yi ja yana ƙyalli. Tausayinsa ya kama ni.

"Likita ya ce sai an yi wata huɗu ko shida kafin a ga canji," ya ce. "Saura wata biyu, Kaka. Ba zai fito ba."

Kaka ta daina dariya. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta zaro wani tsohon hoto. Marigayi kakanmu ne babu hula, kai sumul kamar ƙwarya. Mu ba mu taɓa ganinsa haka ba.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ma haka ya yi mini, sai bayan aure na gani. Kwana uku ban yi masa magana ba."

"Saboda sanƙon?"

"Saboda ɓoyon. Sanƙon kam shekara arba'in ina shafa masa mai da hannuna, yau da zan samu da na ƙara. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, yaro. Je ka nuna mata tun yanzu."

"In ta ƙi ni fa?"

"Ga ni. Na saba da masu sanƙo."

"Ni in auri mai gemu a gwiwa? Allah Ya kiyaye."

"Gemun da ya gagare ka a kai." Ta kwance jan zaren, ta miƙa masa kwalbar. "Ungo. Ka koma wurin likitanka ka ce gani ya kori ji, maganinsa na ci. In yana son shaida ya zo ya duba."

Nan ne dariya ta ƙwace masa. Ya juya hular a hannu, ya dube ta, sannan ya durƙusa ya kifa wa Kaka ita a gwiwa.

"Kin ci, uwargida. Riƙe wannan, yanzu ke ce mai abin ɓoyewa."

Ya tambaye ni ko yarinyar ta tashi daga aiki. Na ce ƙarfe huɗu take tashi. Ya duba agogo, ya fita da kansa a buɗe.