Farar Motar Alhaji Ba-Haka-Ba-Ne

Duk unguwar Yalwawa, kai, duk garin Dutse, babu wanda Allah ya yi wa baiwar sani kamar Alhaji Abdulbaƙi. Bawan Allah ne da bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa lafiya ba. Ka ce masa jiya an yi ruwa, zai sanar da kai yayyafi aka yi. Ka ce tuwon nan ya yi daɗi, zai nuna maka miyar ce ta rufa masa asiri. Har liman ya taɓa shan gyara a wurinsa kan naɗin rawani. Saboda wannan hidima da yake yi wa jama'a kyauta, suka saka masa da suna Alhaji Ba-Haka-Ba-Ne.

Daga Kano ya zo, shekarar da aka ƙirƙiro jiha, da akwati ɗaya da tabarau. Zaman da ya yi a can shi kaɗai ne darasin da ba ya koya wa kowa. Da aka ƙaddamar da shari'a kuwa, tsoron Allah ya sauko masa rana guda, gaba ɗayansa. Wando ya ɗage, gemu ya sauka, carbi ya ƙara tsawo.

Ana nan sai dattawan wajen Aujara, garin kakanninsa da bai tuna da shi ba sai lokacin, suka yi shawarar kafa kwamitin da zai raba kasuwanninsu da caca da kayan maye. Shugaba suke nema. Alhaji ya duba gabas, ya duba yamma, cikin adalci, bai ga wanda ya cancanta ba sai mutum ɗaya. Kujerar nan ta shiga ransa har abinci ya daina yi masa ɗanɗano.

To, shugaba ba ya zuwa taro a bayan ɗan acaɓa. Lokacin kuwa dillalan giya na Kano suna ta tattara komatsansu suna karyar da kaya, sai Alhaji ya samu wata farar a-kori-kura da arha, ya sa aka kawo ta gida lulluɓe da tamfol. Ya gaya wa maƙwabta kyauta ce daga wani amininsa Balarabe a Jidda. Da alama Balaraben mai son zane ne, domin a jikin kowace ƙofa akwai ƙatuwar sitika: kwalba a karkace tana zuba abin da ke cikinta a kofi, kumfa na ambaliya.

Alhaji ya garƙame ƙofar gida, ya jira rana ta gasa motar, ya sa reza ya ɗaye sitikun da hannunsa mai albarka. Leda ta fita tas. Gam ɗin dai ya zauna daram, ido ba ya ganinsa a kan farin fenti, amma in ka ɗora yatsa sai ya riƙe ka. Matarsa Hajiya Zulfa ta leƙo daga madafa, ta ce ya jiƙa tsumma da kalanzir ya murje wurin, sannan a bi da ruwan omo.

"Ba haka ba ne," in ji Alhaji. "Motar da za ta ɗauki shugaban al'umma ba risho ba ce. Ni zan tsaya gaban malamai ina warin fitila? Ku mata komai naku kalanzir."

Ya watsa ruwa, ya ɗauko turaren da ya zo da shi daga Makka ya shafe ƙofofin. Gam ya ji ƙamshi ya ƙara danƙo. Kafin la'asar ƙudaje biyu sun maƙale, Alhaji ya ce ko dabba ta san abu mai tsada.

Ranar taro ta faɗo bayan kaka, a wani fili da ke bakin gari, kusa da inda mata ke sussukar gero suna shiƙa. Malam Maharazu, limamin da ya kira taron, ya roƙe shi ya kai motar gindin tsamiya, don iska na kwaso ƙaiƙayi ta nan. Alhaji ya bayyana masa cewa iskar wannan wata ba ta nan take bi ba. Ya ajiye mota a tsakiyar fili inda kowa zai more kallonta, ya haye bayanta, ya karɓi lasifika.

Ya yi magana, ya yi magana. Ya tsine wa 'yan caca, ya tsine wa mashaya, ya haɗa da masu gaishe su. Iska kuwa, da yake ba ta ji bayanin da aka yi wa liman ba, ta ci gaba da aikinta. Ƙaiƙayi yana sauka a jikin mota yana zamewa, sai inda gam yake, nan yake samun masauki. Tun ana ganin dishi-dishi har wuyan kwalba ya fito, cikinta ya cika, kofi ya zauna, kumfa ta tashi. Daidai lokacin Alhaji ya dafa ƙirji.

"Ni nan da kuke gani, jama'a, tun da uwata ta haife ni, ko kwalbar giya aka ajiye a gabana ban san ta ba."

Gaskiyar magana, asirinsa a rufe yake. Yawancin mutanen wurin manoma ne da makiyaya, kwalba a wurinsu ta man gyaɗa ce ko ta magani. Mutum biyu ko uku da suka gane zanen kuwa suna da dalilinsu na kallon ƙasa. Sai Arɗo Bubayero, dattijon da kowa ke jin maganarsa, ya dogara sandarsa ya matso, ya ƙura wa ƙofar ido, ya ɗaga kai cikin girmamawa.

"Alhaji, ashe har maganin shanu kake sayarwa? Don Allah a ajiye mini ɗaya, ina da saniya mai zawo."

Alhaji ya leƙo ya ga abin da ke jikin ƙofa. Ga mafita Allah ya kawo masa har gida, ya ce "to" kawai a wuce wurin. Ya so ya faɗa, wallahi ya so. Amma shi, Abdulbaƙi, a mai da shi ɗan tallan maganin zawo a gaban jama'a? Kuma ga kuskure ƙiri-ƙiri a tsaye yana kallonsa? Ya daure, ya haɗiye, abin ya ƙi haɗiyuwa. Lasifika kuwa tana bakinsa.

"Ba haka ba ne, Baffa Arɗo. Ina ka taɓa ganin maganin shanu da kumfa? Dubi wuyanta mana. Wannan ai babbar ce, koriyar nan, ba ƙaramar mai ɗaci ba. Ka ga yadda aka karkata kofin? Haka ake zuba ta, a hankali, in ba haka ba rabinta kumfa ce, ka yi asarar..."

Nan ya farga. Har matan da ke shiƙa sun sauke ƙoransu suna saurare. Malam Maharazu ya gyara zama, ya ce a hankali, "Ƙarasa mana, Alhaji. Mu duk ba mu sani ba."

Kafin a tashi aka ba Arɗo Bubayero shugabanci. Washegari Hajiya Zulfa ta fito da tsumma da kalanzir, ta murje ƙofofin nan har suka koma fari fat.

Kada dai a ce mutanen Aujara ba su san darajar masani ba. Ba su bar shi haka ba. Duk ranar kasuwar da 'yan kwamiti suka kama wata kwalba suka rasa gane abin da ke ciki, sai su naɗe ta a buhu su aika Yalwawa, a ce Arɗo na gaisuwa, a taimaka a duba musu. Kuma a faɗi gaskiya, bai taɓa yin kuskure ba.