Jawabin Baban Ganye a Tsakiyar Mayo

Garwa ta yi sa'a. Garuruwa da yawa suna da kogi, suna da gada, suna da kasuwa, amma gari ɗaya tak Allah ya ba Direkta Eugène. Duk wanda bai san shi ba, laifin kansa ne, don bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa. Sunansa na jikin ƙofar ofishinsa, yana jikin jakarsa, yana kan ɗan katin da yake miƙa wa kowa, har mai ƙosan bakin titi tana da guda biyu. A katin an rubuta da Faransanci cewa shi ne Shugaba, Wanda Ya Kafa, kuma Babban Direktan Ƙungiyar Yawon Buɗe Ido Mai Kare Muhalli ta Arewa. Ƙungiyar tana da mambobi uku, in an haɗa da shi da matarsa. Na ukun ya koma Maruwa tun bara, ba a dai cire sunansa ba.

Son da yake yi wa muhalli kuwa ba ya ɓuya. Kwat ɗinsa kore ne, laktayen wuyansa kore, alƙalaminsa ma koren tawada yake zubarwa. A kan teburinsa akwai wata fulawa da ba ta taɓa yanƙwanewa ba, ko a tsakiyar zafin Afrilu, saboda ta roba ce. 'Yan moto, wato masu acaɓa, suka raɗa masa suna Baban Ganye. In sun ƙwala masa kiran a titi, sai ya ɗaga hannu a hankali, ya ce da na kusa da shi: "Voilà. Talaka ba ya karatu, amma yana gane babban mutum."

Abu ɗaya ne Direkta ba ya rubutawa a kati, wato inda aka haife shi. A Mbalga ne, wani ƙauye cikin duwatsu bayan Guider, inda ya yi kiwon awaki ƙafa ba takalmi. Tun da ya samu takardar makaranta, haihuwarsa ta yi ƙaura ta dawo Garwa, cikin asibiti. Yaren dutse ma ya ce kunnensa ya daina kamawa. Shi ya sa ƙanwar babansa, Goggo Albertine, mai sayar da albasa da gyaɗa a kasuwar Guider, take yi masa Hausar kasuwa in sun haɗu, irin wadda take yi wa baƙon da ya zo taya kaya.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata babbar ƙungiya a Yawunde za ta buɗe shirin kawo 'yan yawon buɗe ido Arewa, kuma tana neman kodinata. Kodinata zai samu mota da direba, da ofis mai na'urar sanyi. Direkta ya shekara tara yana hawa bayan moto, yana riƙe da wutsiyar kwat kada taya ta cinye ta, don haka wannan kujera ta shiga ransa fiye da abinci. Aka ce wata Madam Ornella za ta zo ta ga masu nema da idonta, abin da ta rubuta shi za a bi.

Nan basirar Direkta ta motsa. Kowa ya san baƙi da rani suke zuwa Arewa, lokacin da hanya ta bushe, namun daji suka taru a bakin ruwa. To shi zai juya shekara.

"Me ya sa baƙo zai zo ya ga ƙasarmu tana ƙuna?" in ji shi a teburin mai shayi, yana buga cokali a kofi. "Ni zan sayar musu da damina. Damina Kore! La saison verte! Wannan shi ake kira vision. Ku ba za ku gane ba, amma jikokinku za su karanta a makaranta."

Mai shayi ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kuma roƙe shi ya bar cokalin haka.

Wurin bikin buɗe Damina Kore ma shi ya zaɓa da kansa: tsakiyar mayon Mbalga. Mayo shi ne kogin da ke gudu in an yi ruwa, ya bushe in an ɗauke. A watan Yuli ya riga ya yi gudu sau biyu ya janye, ya bar farin yashi lumui tsakanin baƙaƙen duwatsu, abin sha'awa a hoto. Direkta ya sa aka kafa rumfa a kan yashin, aka jera kujerun roba ɗari, aka kawo janareto da lasifika. Ya sa aka ɗaura wani dogon ƙyalle mai cewa MU KARE BISHIYOYINMU. Da ya koma bakin hanya ya duba, sai ya ga wasu darbejiya bakwai sun tare rubutun. Ya sa aka sare su. Rubutu ya fito raɗau.

Saura wata tsohuwar tsamiya a kan ɗan tudu a tsakiyar mayon, ita ma tana ɓata masa hoto. Masu gatari suka ce su kam ba sa taɓa tsamiya, tana da masu ita. Direkta ya yi dariyar tausayi, ya ce wannan jahilcin ne ya hana Afirka ci gaba, ya yi alkawarin kawo injin yanka daga Garwa da zarar an gama biki.

Ranar biki da hantsi Goggo Albertine ta sauko daga dutse, ta tsaya tana kallon rumfar, hannu a ƙugu. Ita a bakinta Eugène Ujen ne.

"Ujen, ɗan wana, a cikin mayo za ka zaunar da mutane?"

"Madam, a nan Direkta ake cewa."

"To, Direkta. Ɗaga kai ka dubi dutse."

Can nesa, a kan dutsen da mayon ke fitowa, wani baƙin hadari ya zauna ya yi shiru. A Mbalga kuwa rana ce tarwai.

"Na duba météo a wayata," in ji Direkta. "Babu ruwa a Guider yau. Ko ɗigo."

"Ruwan mayo ba daga Guider yake zuwa ba. Kai ma ka sani. Akuya nawa ya ci wa babanka?"

Direkta ya waiwaya ko wani ya ji, ya gyara laktaye, ya ce a ba wannan Madam, wato goggon tasa, kujera a baya. Ba ta zauna ba. Muntaka mahauci ma, wanda aka ɗauko ya gasa wa baƙi nama, ya ƙi sauko da tukubarsa cikin yashi, ya kafa ta a kan gaɓa. Ya ce shi ya sha ganin irin shanun da mayo ke kawowa, kuma ba a yanka su.

Madam Ornella ta iso da azahar, 'yar siririya mai tabarau da ƙaramin littafi da kyamara a wuya. Direkta ya tare ta da Faransancin da ya fi na Faransawa, ya shaida mata cewa shi ɗan birni ne, amma Allah ya sa masa ƙaunar waɗannan bayin Allah na ƙauye, yana ta ƙoƙarin wayar musu da kai. Ta dubi kututturan darbejiya bakwai, ta dubi ƙyallen, ta rubuta wani abu. Direkta ya ji daɗi ƙwarai, don ya lura tun bai fara jawabi ba ta fara rubutu.

Jawabin shafi goma sha ɗaya ne. Roƙon kujerar kodinata yana shafi na ƙarshe, an gina masa hanya tun daga na farko. Direkta ya hau dandamali, ya hura lasifika, ya fara da Faransanci, yana juyawa da Hausa don talakawa su amfana.

"Jama'a! Kafin ni, mece ce damina? Ruwa ne kawai da taɓo! Ni ne na dube ta na ce, ke damina, daga yau ke produit ce, hajar sayarwa! Baƙi za su zo daga Turai, daga Amirka, su zauna a nan inda kuke zaune, su shaƙi iska naturelle..."

Yana shafi na huɗu aka busa ƙaho.

Daga can sama ya taso, dogo, sau uku. Wani ya karɓa daga dutsen da ke kusa, shi ma sau uku. Mutanen Mbalga suna da wannan al'ada tun kakanni: duk wanda ke gona a sama ya ga ruwa ya taso, sai ya busa, na ƙasa ya karɓa, har labari ya riga ruwa isa ƙauye. Ba a tambaya, ba a gardama, wanda ke cikin mayo fita yake yi.

A gaskiya Direkta ya ji, kuma ya gane. Kunnen nan da ya daina kama yaren dutse ya kama ƙahon sarai. Ƙafafunsa suka nemi gudu da kansu, yadda suka saba tun yana bin awaki. Amma ɗan birnin da aka haifa a asibiti ina ya san ƙaho? Ga sauran shafi bakwai a hannu. Ga Madam Ornella ta ɗago kai tana tambayarsa da ido. Sai ya yi murmushi, ya buɗe hannuwa.

"Kin ji, Madam? Musique traditionnelle! Maraba suke yi mini. Haka suke yi duk na zo, na hana su sun ƙi."

Kafin ya rufe baki kujeru sun fara zama wayam. Mata suka suri yara, tsofaffi suka tattare riguna, ba ihu ba turereniya, kowa ya nufi gaɓa. Goggo Albertine ta ratso ta kama Madam Ornella a wuyan hannu, ta ce, "Taso, 'yata," ta ja ta kamar ta kamo mai tallan da ya gudu da canji. Mai janareto ya kashe kayansa, ya ɗora a ka, ya bi sahu.

"Ku zauna! Discipline!" Direkta ya daka tsawa, ba lasifika. "Wannan ita ce matsalarmu! Ba ma jure ilimi!"

Ya ci gaba da karanta wa kujeru. Ya kai shafi na shida, inda ya kwatanta kansa da ruwan sama a kan busasshiyar ƙasa, sai wata iska mai sanyi ta bugo shi, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ya ji rugugi, kamar tirelolin siminti na Figil sun biyo layi. Ya waiwaya. Ruwa ne ja wur ya karyo kwana, yana turo itatuwa da kumfa a gabansa.

Gaɓa ta yi nisa. Abin da ke kusa ɗaya ne. Direkta ya watsar da shafi goma sha ɗaya, ya tuɓe kwat, ya fizge laktaye da riga, ya zubar da takalma, ya ruga. Waɗanda suka gani daga gaɓa sun rantse ba su taɓa ganin hawan bishiya mai kyau irin wannan ba. Babu kame-kame, babu zamewa, ƙafa ta san inda za ta taka. Kafin ruwa ya daki tudun, mutumin yana can reshe na uku na tsamiya, daga shi sai singileti da wando, ya rungume ta kamar uwarsa.

Rumfa ta tafi. Kujeru ɗari suka bi ta a jere, suka nufi Binuwai yawon buɗe ido. Ƙyallen kare bishiyoyi ya ɗan maƙale a kututturen darbejiya, sannan shi ma ya haƙura.

Awa uku Direkta ya yi a sama kafin ruwa ya janye. Daga can yana ganin komai, abin da ya fi ruwan ciwo ke nan. Ya ga Muntaka yana yanka nama, ciniki ya kankama. Ya ga goggonsa ta ja Madam Ornella sun hau dutse, tana nuna mata gonakin da ƙungiyarsu ta matan Mbalga ta tare da jerin duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa, da rumbunan gero, da tsoho Raphaël wanda ya fara busa ƙahon. Ya ga Madam tana rubutu, tana rubutu, har ta juya littafin ta baya. Sau ɗaya ta juyo wajensa, ta ɗaga kyamara. Ya yi ƙoƙarin gyara tsayuwa, reshe ya motsa, ya fasa.

Bayan wata biyu takarda ta fito. An ba ƙungiyar matan Mbalga shirin, Albertine ce kodinata. Ta ce ba ta son ofis mai sanyi, yana sa mata ciwon gwiwa. Motar kuwa ta karɓa, ranar kasuwa har albasa take ɗauka.

Tare da takardar aka aiko da ɗan littafin talla mai sheƙi, wanda za a raba a filayen jirgin sama. Direkta ya samo guda, ya kulle ofis, ya zauna gaban fulawarsa ta roba. Bai sha wahalar nema ba, yana bango. Ga jan ruwa, ga tsamiya, ga shi a reshe na uku. Duk da komai sai da zuciyarsa ta yi tsalle, don ai ya sha faɗa cewa wata rana fuskarsa za ta kai Turai. Ya sa yatsa yana bin rubutun da ke ƙarƙashin hoton, yana neman sunansa da muƙamansa uku. Ko don tausayi Madam Ornella ta yi, ko don mugunta, Allah ne masani. Abin da aka rubuta da harsuna uku shi ne: "Mutanen dutse sun san koginsu. Wani ɗan ƙauyen Mbalga ya tsira a kan tsamiyar kakanninsa."

Goggo Albertine ta liƙa nata a rumfarta ta kasuwar Guider, saman buhun gyaɗa. Duk wanda ya tsaya ya ce, "Kai, wannan ba Baban Ganye ba ne?" sai ta ci gaba da awonta, ta ce:

"Ban san shi ba. Wannan Ujen ne, ɗan wana. Shi wancan a asibiti aka haife shi."